Ranar da Aka Nome Filin Ƙwallonmu

Filin ƙwallonmu yana bayan firamare ne, can ƙarshen gari, inda hanyar Ruwan Godiya ta karkata ta gangara fadama. Na ce fili ne don ban da wani sunan da zan ba shi. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, har in ka tsaya a ragar gabas, golan yamma daga gwiwa zuwa sama kake ganinsa. A tsakiya akwai wani suri da muka fasa sau ba adadi, gara kuwa ba ta taɓa yin zuciya ba, kullum sai ta sake gininta. Ga tsidau, ga ƙarangiya. Duk wanda ya buga ƙwallo a garinmu a wancan zamani, ka duba tafin ƙafarsa za ka ga shaida.

Amma kada wani ya raina mu. A kan wannan filin muka sha lallasa 'yan Sabuwa, waɗanda nasu filin ma ya fi namu ban tausayi, don kututturan itatuwan da suka sare suna nan a ciki, sai ka yanke mutum ka kuma yanke kututture. 'Yan Ƙanƙara ne kawai ke ba mu wahala, su ma ba kullum ba. Ni ne lamba tara, ni ne kuma kyaftin, kuma ni ke karanta wa ƙungiya wasiƙa in ta zo da Turanci, don na gama firamare kafin noma ya riƙe ni. Ba yabon kai ba, ƙafata ta hagu an san da ita daga Faskari har Ketare.

Zamanin kuɗin mai ne. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Ma'aikacin da jiya yake tafiya a ƙasa, yau ya sayi babur da rediyo mai kaset. Samarin garinmu suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tafi aikin titi, wancan ya tafi masaƙa, in salla ta zo su dawo da wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tsini suna yi mana kallon 'yan ƙauye. Ni kuwa ina nan. Ni kaɗai ne ɗa namiji babba a gidanmu, kuma mahaifina bai yarda da zancen birni ba, balle zancen ƙwallo. A wurinsa ƙato ya tuɓe riga yana bin fata da gudu, wannan ba wasa ba ne, lalura ce. Ya taɓa cewa ƙafarsa ba za ta taka wannan fili ba, kuma shekara da shekaru ba ta taka ba.

Baba manomi ne na gaske. Mutane kan ratse hanya don kawai su kalli gonarsa. Ciyawa ba ta kwana a cikinta. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne kiri-kiri, ciyawar nan mai yaɗo da ke bin ƙasa tana kafa saiwa a kowace gaɓa, wadda in ka sare ta ka bar guntu ɗaya, sai ka dawo ka tarar ta yi 'ya'ya. In ya ga kiri-kiri a gonar mutum, ya gama sanin halin mai gonar, ba ya buƙatar tambaya.

Gab da faɗuwar ruwan wata shekara sai ga wasiƙa ta hannun hedimasta. Wata babbar ƙungiyar ƙwallo ta wani kamfani a Kaduna ce ke neman ƙananan ƙungiyoyin karkara da za ta ɗauka su zama 'ya'yanta. Ƙungiyar da aka ɗauka za a ba ta riguna da takalma da ƙwallaye, a riƙa turo mata koci, sa'annan duk shekara a zaɓi waɗanda suka fi iyawa a tafi da su, a ba su aiki a kamfani suna buga wa babbar ƙungiya. A yankinmu ƙungiya ɗaya tak za su ɗauka. Na karanta sau uku. Na san in dai aka ɗauke mu, ni ne na farko da za a kira, kuma na san shekaruna sun kai inda in ba yanzu ba, shi ke nan.

Abin da ya ba ni haushi shi ne ba wasanmu za a duba ba. Fili za a duba. Sun ce 'yan wasansu za su riƙa zuwa buga wasan gwaji, ba za su kawo su inda za su karye ba. Sai fili ya zama a baje, a kan awo, da turakun raga na ƙarfe, kuma ciyawa ta rufe shi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Za a turo jami'i a ƙarshen damina ya gani da idonsa.

Hedimasta, mutumin kirki da ya yi karatu a Zariya ya ga filaye, shi ya gaya mini irin ciyawar. Ya ce, "Ai ba wata baƙuwa ba ce. Kiri-kiri ce. Ita ake shimfiɗawa a manyan filaye, a riƙa aske ta."

Na ce, "Malam, kiri-kiri dai da na sani?"

Ya ce, "Ita fa."

Na yi dariyar yaƙe. Ɗan Baba ya dasa kiri-kiri da hannunsa, a garin da kowa ya san Baba? Da wace fuska?

To, a nan na yi wautar da har yau in na tuna nakan yi da-na-sani. Na tara 'yan wasa na ce za mu yi aikin, amma kada wanda ya kuskura ya faɗi abin da muke yi. Muka ari jakuna, muka riƙa zuwa fadama bayan mun taso daga gona, muna yanko ƙasa da ciyawar a jikinta, mu zuba a mangala mu kawo. Duk wanda ya tambaya sai mu ce ramuka muke cikewa. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, don ramukan ma muna cikewa. Muka tone surin nan har sai da muka ciro uwar garar, muka ja ƙasar tudu muka kai kwari. Sa'annan muka bi layi-layi muna binne gutattakin kiri-kiri kamar masu dashen dankali. Tsofaffi in sun wuce sukan tsaya su girgiza kai su ce, "Yaran nan kun kwaso wa kanku bala'i a cikin ƙasar hwadama." Ni kuwa sai in yi murmushi in ce, "Wallahi kuwa, Baba, ba mu lura ba." Kunya ce kawai ta hana ni buɗe baki in ce ita muke so.

Ruwa ya yi kyau a shekarar. Kafin gero ya fitar da kai, filin ya rufe ruf. Muka daina wasa a kai don kada mu kashe ta, muka koma bugawa a kan hanya. Da lauje muke aske ta, a tsugunne, har bayanmu ya ƙage. Wata rana da yamma na cire takalmi na taka daga raga zuwa raga, ban ji ƙaya ko ɗaya ba, sai laushi da sanyi. Tunda nake ban taɓa yin wani abu da hannuna da na so kamar wannan fili ba.

Na rubuta wa ƙungiyar Kaduna wasiƙa na ce mun shimfiɗa ciyawa. Saura turaku. Wani maƙeri mai walda a Funtuwa ya yi mana su, sai dai a je a ɗauko. Ana saura kwana huɗu jami'i ya zo, na ɗebi manyan 'yan wasanmu biyar muka tafi, da niyyar mu kwana ɗaya mu dawo. Hedimasta ba ya gari, makaranta tana hutu. Golanmu kaɗai na bari a cikin manya, wani dogo mai sanyin magana, abokina tun muna kiwon awaki. Hanyarmu kuwa a damina sai wanda ya gani. Motar da ta ɗauko mu da ƙarafan ta kafe a wani rafi, muka yi ta turi muna tona, sai da muka kwana uku a waje.

Abin da ya faru a bayana, daga baya golan ya ba ni labari. Mai gari ya sanar a masallaci cewa manyan baƙi za su zo daga Kaduna duba filin samari, kuma ɗan Baba ne shugaban aikin. Mutane suka juya suna kallon Baba. Da aka fito, ya saɓa hauyarsa ya nufi bayan firamare, wurin da ya ce ba zai taka ba. Ya tsaya a bakin filin ya daɗe yana kallo. Abin da ya gani shi ne za a zo daga birni a duba aikin ɗansa, a tarar kiri-kiri ta cinye wurin tun daga farko har ƙarshe, ɗan nasa kuma ya tafi ya bar shi haka. Sai ya koma gida ya sa aka buɗe rumbu aka ɗebo gero, ya kama akuya, ya aika wa makaɗa. Ya kira gayya.

Wanda ya san gayya ya san ba a kiranta don wasa. Mutum yakan kira ta in aikin gona ya fi ƙarfinsa, jama'a su zo da hauyoyinsu su yi masa a yini ɗaya, shi kuma ya ciyar da su. Baba bai taɓa kiran gayya don gonarsa ba, yana ganin kasawa ce. Ranar da ya kira kuwa, duk mai ƙarfi a garin sai da ya fito, har daga ƙauyukan gefe.

Golan ya ce ya yi ƙoƙari. Ya je ya durƙusa ya ce, "Baba, ai ciyawar ake so." Aka fashe da dariya, wani dattijo ya ce masa ragwanci ne ke damunsa, ya tashi ya ɗauki hauya. Bai iya cewa mu muka dasa ba, don na sa shi ya yi alkawari. Ƙananan 'yan wasanmu kuwa iyayensu na tsaye a kansu. Wasu a cikinsu da hannunsu suka tumɓuke abin da suka dasa.

Mun iso da la'asar, ana gobe jami'i zai zo. Tun daga bakin gari nake jin ganga, na ce a raina ko wa ke gayya a wannan lokaci. Muna saɓe da ƙarafan a kafaɗa muka karya kwanar makaranta.

Ja wur. Ƙasa ce kawai, an nome ta, an bi an tsince saiwoyi da hannu, an share da tsintsiya. Ciyawar an tara ta tsibi-tsibi a gefe tana bushewa. Wallahi aikin ya yi kyau, wannan ne abin takaicin. Babu manomin da zai kalli wurin bai yaba ba. Mutane na zaune a inuwa suna shan fura, makaɗa suka gan ni suka juyo da kiɗan kaina suna yi mini kirari da sunan gidanmu.

Baba ya taso. Rigarsa ta jiƙe, ƙasa har gemunsa. Ban taɓa ganin fuskarsa a sake haka a gabana ba. Ya ce, "Ka iso? To ga hilinka. Ba mu bar ko ɗaya ba. Gobe ko wa ya zo ba ka jin kunya."

Ni mai saurin fushi ne, garin duk an sani. Amma ranar ban nuna ba. Na ajiye ƙarfen, na durƙusa na ce, "Sannunku da aiki, Baba. Allah ya saka da alheri." Na bi dattawa ɗaya bayan ɗaya ina godiya. Golan yana tsaye can nesa ya kasa haɗa ido da ni. Muka kafa turakun a kan ƙasar, don ban san abin da za mu yi ba in ba haka ba.

Da asuba aka sheƙa ruwa. Ƙasar da hauya ta sassauta ta sha ta ƙoshi. Kafin hantsi filin ya zama kamar inda ake kwaɓa ƙasar gini, ruwa ya yi hanyoyi ya kwashe cikon da muka yi wata da watanni muna yi.

Jami'in ya iso da farar mota, shi da direba. Mutum ne mai natsuwa, ɗan gajere, da tef ɗin awo da littafi a hannu. Mai gari da dattawa suka tarbe shi, Baba na cikinsu da farar rigarsa ta Juma'a. Jami'in ya taka cikin filin taku uku, takalminsa ya nutse, ya ja da baya. Ya buɗe littafinsa ya duba, ya dubi ƙasa, ya dube ni.

Ya ce, "Kyaftin, a wasiƙarku kun ce kun shimfiɗa ciyawa. Ina take?"

Kafin in buɗe baki Baba ya matso. Ya ce, "Ranka ya daɗe, da ta yi yawa ƙwarai. Jiya muka nome ta. Ga ta can a tare."

Jami'in ya je wurin tsibin, ya ɗauki dunƙule ɗaya ya jujjuya shi a hannu. Bai yi dariya ba, kuma na gode masa da wannan. Ya ce, "Baba, ai wannan ita na zo gani. Irinta muke saye a dasa mana a Kaduna." Ya ajiye ta a hankali, ya kakkaɓe hannu.

Baba ya juyo ya dube ni, a gaban mai gari da kowa.

"Kai ka dasa ta?"

"Ni na dasa, Baba."

"Da gangan?"

"Da gangan."

"To mi ya hana ka hwaɗa mini?"

Na sunkuyar da kai. Sai Baba ya yi wa baƙon sallama yadda ya kamata, ya juya ya kama hanyar gida shi kaɗai. Jami'in ya auna filin duk da haka, ya rubuta abin da zai rubuta, ya ci abincin da aka kawo masa, ya ce daga nan Ƙanƙara za shi.

Ba a yi wata ba amsa ta zo. Ƙanƙara aka ɗauka. Filin nasu na wata makaranta ne, ciyawar da kanta ta fito ba wanda ya dasa, ba kuma wanda ya nome. Na karanta wa 'yan wasa wasiƙar a gindin turakun ƙarfenmu, na ninke ta na sa a aljihu, kowa ya watse.

A gida ni da Baba sai gaisuwa. Muna fita gona tare, muna yankan gero kafaɗa da kafaɗa, shi ke nan. Ni ina ganin ya kashe mini rayuwa. Ban tsaya na tuna cewa ni na rufe baki na kuma rufe bakin kowa ba. A gari kuma abin ya zama abin tsokana. Ba a yi a gabansa, amma ya san ana yi, don ya rage zama a dandali, daga masallaci sai gida.

Bayan an gama kai amfani gida sai ga saƙo daga kocin Ƙanƙara. Ya ce suna son mutum biyu daga wurinmu, ni da golan. Mu je mu zauna can rani guda muna buga musu, in 'yan Kaduna sun zo zaɓe mu ma a gan mu. Ya ce ƙafar hagun nan tawa ba za a tsallake ta ba. Golan ya zo har gida ya gaya mini a zaure, bai san Baba na daga ciki yana ji ba. Ni dai na ce ya tafi abinsa, ya san ba za a bar ni ba.

Washegari da safe na fito na tarar da keken Baba a ƙofar zaure. Keken da ko taɓawa ba a yi. An goge shi, an yi wa tayoyin iska, an ɗaure buhun gero a baya da igiya, da ƙullin kuka da daddawa a sama. Baba na zaune a kan buzunsa yana jan casbi. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ka tahi. Ga guzuri nan. Gonar ni da ƙannenka mun iya."

Abin da nake roƙon Allah shekara da shekaru ke nan, ga shi an miƙo mini a hannu. Sai zuciyar banza ta taso mini. Na ga kamar in na karɓa, shi ke nan ya biya, an yafe, an wuce wurin. Ni kuwa ban gama fushi ba. Ina so ya ji abin da na ji.

Na ce, "Ku bar shi, Baba. Noman kuke so in yi, shi zan yi."

Na kwance igiyar a gabansa. Na saɓi buhun na shiga da shi gida, na juye geron a inda aka ɗebo shi, na dawo na jingina keken a inda yake zama. Duk yana kallo. Da na gama ya ce, "To." Ya miƙe ya naɗe buzunsa ya shige.

Golan ya tafi shi kaɗai a motar kasuwa. Kafin wata damina aka ɗauke shi zuwa Kaduna, ya yi shekaru yana tsare raga, ya yi aure a can.

Ni kuwa, gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba ita ce ban yi niyyar zama ba. A raina na ce zai sake magana, gobe ko jibi, in ɗan ja rai, sa'annan in ce to tunda kun matsa. Har kayana na haɗa a cikin jaka na tura ƙarƙashin gado. Kowace safiya in na fito sai na fara duba ƙofar zaure. Haka na yi ta yi har ranin ya ƙare, ruwa ya sauka, muka ɗauki iri muka fita shuka. Baba bai sake cewa in tafi ba.